Majalisar Dokokin Tarayyar Najeriya

Majalisar Dokokin Tarayyar Najeriya, wadda aka fi sani da Majalisar Tarayya ko Majalisar Ƙasa, ita ce ɓangaren gwamnatin tarayya da ke da alhakin yin dokoki. Ta ƙunshi zauruka biyu: Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360, jimilla 469. Sashe na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ne ya ba ta ikon yin doka, sashe na 47 kuma ya kafa ta da zaurukanta biyu. Mazauninta yana Abuja, a yankin da ya haɗa ta da fadar shugaban ƙasa da Kotun Ƙoli. Ana zaɓen dukkan mambobinta kai tsaye duk bayan shekara huɗu, kuma babu iyaka ga yawan wa'adin da mutum zai iya yi. Majalisar da aka ƙaddamar ranar 13 ga Yuni 2023 ita ce ta goma, ƙarƙashin Godswill Akpabio a matsayin shugaban Majalisar Dattawa da Tajudeen Abbas a matsayin kakakin Majalisar Wakilai.

Raba majalisar gida biyu ya samo asali ne daga tsarin tarayya. A Majalisar Dattawa kowace jiha daidai take da 'yar'uwarta, komai girmanta ko ƙanƙantarta. A Majalisar Wakilai kuwa yawan jama'a ake dubawa. Tunda ƙuduri ba ya zama doka sai zaurukan biyu sun amince da shi, dole ne kowace doka ta samu goyon bayan wakilan jihohi da na jama'a a lokaci guda.

Suna

Kalmar "majalisa" aro ce daga Larabci, daga "majlis", wato wurin zama, kuma Hausawa sun daɗe suna amfani da ita ga zaman fadar sarki tun kafin zuwan Turawa. "Dattawa" jam'in "dattijo" ne. Fassarar ta dace da asalin kalmar da Ingilishi ya aro daga Latin, domin can ma daga kalmar da ke nufin tsoho aka ciro sunan majalisar tsohuwar daular Rum. Shi ɗan majalisar kuwa ba a ce masa dattijo, sai dai "sanata", jam'i "sanatoci". Shugaban Majalisar Wakilai ana kiransa "kakaki", sunan doguwar ƙahon ƙarfe da ake busa wa sarakuna, wanda aka faɗaɗa ma'anarsa zuwa mai magana da yawun wasu. A kafafen yaɗa labarai ana kuma jin "majalisar dattijai", kuma duk abu ɗaya ake nufi.

Tarihi

Zamanin mulkin mallaka

Majalisar dokoki ta farko a ƙasar da daga baya ta zama Najeriya ita ce wadda Turawan Ingila suka kafa wa Legas a 1862, kuma aikinta bai wuce bai wa gwamna shawara ba. Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914, Lugard ya kafa wata majalisar shawara ta ƙasa baki ɗaya, wadda ba ta da ikon yin doka. Tsarin mulkin Clifford na 1922 ne ya fara kawo zaɓe: kujeru huɗu, uku na Legas, ɗaya na Kalaba, kuma maza masu samun aƙalla fam 100 a shekara ne kaɗai ke jefa ƙuri'a. Jam'iyyar NNDP ta Herbert Macaulay ce ta lashe kujerun Legas a zaɓen 1923. Wannan majalisa ba ta yi wa lardunan Arewa doka, gwamna ne ke yi musu da kansa ta hanyar sanarwa. Ke nan har zuwa bayan yaƙin duniya na biyu 'yan Arewa da 'yan Kudu ba su taɓa zama a majalisar dokoki ɗaya ba.

Tsarin mulkin Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ne ya haɗa su a majalisa guda, ya kuma kafa majalisun jihohi uku na wancan lokaci, wato Arewa, Yamma da Gabas. A nan ne tsarin zauruka biyu ya fara bayyana a Najeriya, kuma a Kaduna ya bayyana, ba a Legas ba: Jihar Arewa ta samu Majalisar Sarakuna da kuma Majalisar Wakilai ta jiha. Jihar Yamma ta samu tata Majalisar Sarakunan a 1951.

Tambayar da ta fi zafi a wancan zamani ita ce yadda za a raba kujerun majalisar tsakiya. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa sun dage sai an ba su rabin kujerun, bisa hujjar cewa jama'arsu ta kai rabin ƙasar ko ta fi. Haka aka yi. A Majalisar Wakilai ta tsarin mulkin Macpherson na 1951, Arewa ta samu 68 daga cikin zaɓaɓɓun kujeru 136, Gabas da Yamma suka samu 34 kowaccensu. A wannan majalisa ce Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a shekarar 1956, ranar 31 ga Maris 1953. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar a sa cewa sai lokacin da ya dace. Wakilan Kudu suka fice daga zauren, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, kuma rikicin ya kai ga tarzomar Kano ta watan Mayun shekarar. Wannan ne ya tilasta sake zama, wanda ya haifar da tsarin mulkin Lyttleton na 1954 da ya mai da Najeriya tarayya. Majalisar Wakilai ta koma kujeru 184, rabinsu, wato 92, na Arewa. A 1957 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama firaminista daga cikinta.

Jamhuriya ta farko

An kafa Majalisar Dattawa ta tarayya a farkon 1960, watanni kaɗan kafin samun 'yancin kai. Kujerunta 44 ne: 12 daga kowace jiha, huɗu daga Legas, huɗu kuma Gwamna Janar ke naɗawa. Ba jama'a ke zaɓensu ba, gwamnatocin jihohi ne ke zaɓo su, majalisun jihohin su amince. Dalilin kafa ta a bayyane yake idan aka dubi Majalisar Wakilai ta zaɓen Disambar 1959, inda Arewa ke da kujeru 174 daga cikin 312, Gabas 73, Yamma 62, Legas uku. Jiha ɗaya ta fi sauran duka a haɗe, don haka aka so a samu zauren da jihohin za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko, kafin ya zama Gwamna Janar a Nuwamban 1960, sai Dennis Osadebay, sai Nwafor Orizu. Wuraola Esan daga Jihar Yamma ita ce mace ta farko da ta zama sanata. A Majalisar Wakilai kuwa Jaja Wachuku ne ɗan ƙasa na farko da ya zama kakaki, sai Ibrahim Jalo Waziri ya gaje shi daga 1960 zuwa 1966.

Wancan tsari irin na Birtaniya ne. Firaminista da ministocinsa 'yan majalisa ne, kuma gwamnati na tsayuwa ne muddin tana da rinjaye a Majalisar Wakilai. Majalisar Dattawa ba ta da ƙarfi sosai: tana iya jinkirta ƙudurin kuɗi na wata ɗaya, sauran ƙudurori na wata shida, amma ba ta iya hana su zama doka. Don haka daidaiton da aka so ta kawo bai yi wani tasiri ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Tsakiyar Yamma a 1963 kujerunta suka ƙaru zuwa 56.

A watan Mayun 1962 majalisar ta amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma bayan rikicin jam'iyyar AG, aka naɗa Moses Majekodunmi kantoma. Ƙarshenta ya zo ne da juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Nwafor Orizu, wanda ke riƙon kujerar shugaban ƙasa saboda Azikiwe ba ya ƙasar, shi ya sanar da miƙa mulki ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Daga nan sai da ƙasar ta shekara 13 ba majalisar dokoki. Wannan ya zama al'ada a duk juyin mulkin da ya biyo baya: sojoji kan bar kotuna da ma'aikatu su ci gaba da aiki, amma majalisa rufe ta suke yi, su riƙa yin doka da kansu.

Jamhuriya ta biyu da ta uku

Siffar da majalisar take da ita a yau ta fito ne daga tsarin mulkin 1979. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamitin tsara kundi ƙarƙashin Rotimi Williams, sannan majalisar tsara kundi ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma ta duba daftarin a 1977 da 1978. Aka bar tsarin Birtaniya aka ɗauki na shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Ministoci suka daina zama 'yan majalisa, aka fara zaɓen sanatoci kai tsaye, kuma zaurukan biyu suka zama daidai wajen yin doka. Majalisar Dattawa ta samu kujeru 95, biyar daga kowace cikin jihohi 19, Majalisar Wakilai kuma 449. Zaɓen 1979 shi ne kuma zaɓen tarayya na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a.

Jam'iyyar NPN ta Shehu Shagari ba ta samu rinjaye ba, domin kujeru 36 ta ci a Majalisar Dattawa da 168 a ta Wakilai. Sai ta ƙulla ƙawance da NPP: Joseph Wayas na NPN ya shugabanci dattawa, Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama kakaki. Ƙawancen ya watse a 1981. A wannan shekara ce Kotun Ƙoli ta yanke wani hukunci da ya fayyace ma'anar zauruka biyu. Majalisun sun saɓa a kan dokar rabon arzikin ƙasa, sai kwamitin haɗin gwiwa kan kuɗi ya sasanta, aka kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu ba tare da an mayar wa zaurukan sun amince ba. Jihar Bendel ta kai ƙara, kotun kuma ta soke dokar, bisa cewa kwamiti ba ya maye gurbin majalisa. Sojoji sun rushe wannan jamhuriya ranar 31 ga Disamba 1983, watanni kaɗan bayan zaɓen da Franca Afegbua ta zama mace ta farko da aka zaɓa sanata.

Majalisar jamhuriya ta uku ba ta yi tsawon rai ba. An zaɓe ta a Yulin 1992 ƙarƙashin jam'iyyu biyu da gwamnatin Babangida ta kafa, SDP da NRC, da sanatoci 91 da wakilai 593. Ta zauna a Abuja, inda aka mayar da babban birnin ƙasa a Disambar 1991, amma ta yi aiki ne a ƙarƙashin shugaban soja da ya taƙaita abin da za ta iya tattaunawa. Iyorchia Ayu ya shugabanci dattawa, sai Ameh Ebute na 'yan kwanaki, kafin Janar Sani Abacha ya rushe ta a Nuwamban 1993. Waɗanda aka zaɓa a Afrilun 1998 ba a taɓa rantsar da su ba.

Daga 1999

Majalisar da aka ƙaddamar a Yunin 1999 ana ƙirga ta a matsayin ta huɗu, kuma tun daga lokacin ba a sake katse zamanta ba. Shekarun farko sun kasance na rikicin shugabanci. Salisu Buhari ya sauka daga kujerar kakaki a Yulin 1999 bayan an gano ƙarya a shekarunsa da takardar digirinsa, Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi. Majalisar Dattawa ta yi shugabanni biyar cikin shekara takwas, dukkansu daga Kudu maso Gabas saboda tsarin karɓa-karɓa na jam'iyyar PDP: Evan Enwerem, Chuba Okadigbo, Anyim Pius Anyim, Adolphus Wabara da Ken Nnamani. David Mark ne ya fara kammala wa'adi biyu cur, daga 2007 zuwa 2015. Bayansa sai Bukola Saraki, Ahmad Lawan da Akpabio. A Majalisar Wakilai, bayan Na'Abba an yi Aminu Bello Masari, Patricia Etteh, wadda ita ce mace ta farko kuma ta sauka cikin watanni biyar, Dimeji Bankole, Aminu Waziri Tambuwal, Yakubu Dogara, Femi Gbajabiamila da Abbas.

Abubuwa biyu aka fi tunawa da su idan ana maganar ƙarfin majalisar. Na farko, ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran kundin tsarin mulkin da zai bai wa Olusegun Obasanjo damar neman wa'adi na uku, bayan muhawarar da aka nuna kai tsaye a talabijin. Na biyu, ranar 9 ga Fabrairu 2010 zaurukan biyu suka amince Goodluck Jonathan ya zama muƙaddashin shugaban ƙasa. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya tun Nuwamban 2009 ba tare da rubuta wa majalisa wasiƙar miƙa mulki ba, kundin kuma bai faɗi abin da za a yi ba a irin wannan hali, sai majalisar ta fake da hujjar larura. Daga baya an gyara sashe na 145, ta yadda idan shugaba ya kwana 21 bai aiko da wasiƙar ba, majalisa za ta iya ɗora mataimakinsa.

An kuma ga lokutan da aka taka alfarmarta. A Nuwamban 2014 'yan sanda sun tare ƙofa tare da harba hayaƙi mai sa hawaye bayan Tambuwal ya koma APC, har wasu 'yan majalisa suka haura ƙofar. A Afrilun 2018 wasu mutane sun kutsa zauren dattawa ana cikin zama suka ɗauke sandar majalisa. A watan Agustan shekarar jami'an DSS suka toshe hanyar shiga ginin, lamarin da ya sa muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya kori shugaban hukumar, Lawal Daura.

Tsarin zaurukan biyu

Kowace cikin jihohi 36 an raba ta mazaɓun sanata uku, Babban Birnin Tarayya kuma yana da ɗaya. Kujerun wakilai an raba su bisa yawan jama'a, da sharaɗin kada mazaɓa ɗaya ta shiga jihohi biyu. Kano da Legas suna da 24 kowaccensu, Kaduna 16, Katsina 15, Bayelsa da Nasarawa biyar-biyar, Abuja biyu. Bambancin na fitowa fili idan aka kwatanta Kano da Bayelsa: a zauren wakilai Kano ta kusa ninka Bayelsa sau biyar, a zauren dattawa kuwa uku da uku ne. Wannan lissafi yana cikin abin da ke rura wutar neman sababbin jihohi, domin Arewa maso Yamma mai jihohi bakwai tana da sanatoci 21, Kudu maso Gabas mai jihohi biyar tana da 15. Kundin ya umarci hukumar zaɓe, INEC, ta riƙa sake duba iyakokin mazaɓu bayan tazarar da ba ta gaza shekara goma ba, amma har yanzu rabon da aka yi a 1996 ake amfani da shi.

Mai neman kujera dole ya zama ɗan ƙasa, mai ilimin da ya kai matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Shekarun sanata 35 ne. Na ɗan Majalisar Wakilai a da 30 ne, gyaran 2018 ya rage su zuwa 25. Ana cin zaɓe da mafi yawan ƙuri'a, ko da bai kai rabi ba.

Kowane zaure yana zaɓen shugabansa da mataimakinsa daga cikin mambobinsa. Ƙarƙashinsu akwai shugaban masu rinjaye, shugaban marasa rinjaye, masu tsawatarwa da ake kira bulaliyar majalisa, da mataimakansu. Akawun majalisa ma'aikacin gwamnati ne, ba zaɓaɓɓe ba. Shugaban Majalisar Dattawa ne ke jagorantar zaman haɗin gwiwa, kuma idan kujerar shugaban ƙasa da ta mataimakinsa suka zama babu kowa a lokaci guda, shi zai riƙe ƙasar na tsawon da bai wuce wata uku ba kafin a yi zaɓe. Zama ba ya halatta sai da kashi ɗaya bisa uku na mambobi, kuma kowane zaure dole ya zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Kujerun zauren dattawa ja ne, na wakilai kore, launukan da aka gada daga majalisar Birtaniya.

Ɗan majalisa na iya rasa kujerarsa ta hanyar kiranye, idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓarsa suka sa hannu a takardar koke, sannan aka tabbatar da hakan a ƙuri'ar raba gardama. Sharaɗin yana da tsauri ƙwarai. Yunƙurin yi wa Dino Melaye na Kogi ta Yamma kiranye ya mutu a matakin tantance sa hannu a 2018. Sashe na 68 ya ce wanda ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyarsa ta rabu gida biyu, kuma kusan duk mai sauya sheƙa da wannan togaciya yake fakewa.

Yadda ake yin doka

Ƙuduri na iya fitowa daga ɓangaren zartarwa ko daga ɗan majalisa, kuma yana iya farawa a kowane zaure. A karatu na farko sunansa kawai ake karantawa. A na biyu ake muhawara kan manufarsa, sannan a tura shi kwamiti, inda akan yi zaman jin ra'ayin jama'a. Bayan an bi rahoton kwamitin sashe-sashe sai karatu na uku. Daga nan a aika wa ɗaya zauren ya bi irin waɗannan matakai. Idan abin da suka amince da shi ya bambanta, kwamitin daidaitawa ne ke haɗa su, sannan kowane zaure ya amince da matsaya guda.

Shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowane zaure na iya mai da ƙudurin doka ba da sa hannunsa ba. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Misalin da aka fi ambata shi ne dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, a shekarar 2000. Ƙudurin kuɗi yana da nasa tsarin a sashe na 59: idan zaurukan suka kasa daidaitawa har a matakin kwamitin haɗin gwiwa, sai a kai maganar zaman haɗin gwiwa. A nan ne kaɗai daidaiton zaurukan ke karyewa, domin wakilai 360 sun fi sanatoci 109 nesa ba kusa ba.

Majalisar ce kaɗai ke yin doka kan abubuwan da ke jerin da aka keɓe wa tarayya, kamar tsaro, harkokin waje, kuɗin ƙasa, kwastan da ma'adinai. Akwai jeri na biyu da take tarayya da majalisun jihohi, inda dokar tarayya ke rinjaye idan an samu saɓani. Gyaran da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ya buɗe wa jihohi ƙofar yin doka kan jiragen ƙasa da gidajen yari, ya kuma faɗaɗa ikonsu kan wutar lantarki. Gyaran kundin tsarin mulki yana buƙatar biyu bisa uku na kowane zaure da amincewar majalisun jihohi aƙalla 24.

Sa ido da ikon da ya keɓanta ga dattawa

Ba a kashe kuɗin tarayya sai da kasafin da majalisa ta amince da shi, kuma sassa na 88 da 89 sun ba ta ikon bincike da gayyatar kowane jami'i. Tsige shugaban ƙasa yana farawa da takardar zargi mai sa hannun kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar, sai biyu bisa uku na kowane zaure su amince a bincika, Alƙalin Alƙalai ya naɗa kwamitin mutum bakwai, sannan a sake samun biyu bisa uku kan rahotonsa. Ba a taɓa tsige shugaban ƙasa ba, ko da yake Majalisar Wakilai ta yi wa Obasanjo barazanar hakan a 2002. Dokar ta-ɓaci ma tana buƙatar biyu bisa uku na dukkan mambobi, shi ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a Maris 2025 lokacin da zaurukan suka amince da ta Jihar Ribas ta hanyar ƙuri'ar murya, wadda ba ta nuna adadi.

Majalisar Dattawa ita kaɗai ke tantance ministoci, jakadu, alƙalan Kotun Ƙoli da shugaban INEC. Ayyana yaƙi sai da zaman haɗin gwiwa, amma tura sojoji fagen fama a wajen ƙasa amincewar dattawa yake buƙata. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Bola Tinubu ya rubuta wa majalisar kan matakan ƙungiyar ECOWAS. Sanatocin Arewa, waɗanda jihohinsu ke iyaka da Nijar, sun nuna adawa da amfani da ƙarfi, majalisar kuma ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu.

Harshen majalisa

Sashe na 55 ya ce za a gudanar da ayyukan majalisar da Ingilishi, da kuma Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan magana tana nan tun kundin 1979, amma har yau da Ingilishi ake zama, domin ba a yi tanadin tafinta da fassarar takardu ba. Abin lura shi ne majalisar tsohuwar Jihar Arewa da Hausa da Ingilishi take aiki tun kafin 1966. Majalisun jihohi suna da 'yancin ƙara harshen da suka ga dama, kuma ta Legas ta ware ranar Alhamis don zama da Yarbanci.

Suka

Kuɗin da ake kashe wa majalisar shi ne babban abin ƙorafi. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, ban da albashi. Zargin cushe a kasafin kuɗi da batun ayyukan mazaɓu sukan dawo kusan kowace shekara. An dakatar da Abdulmumin Jibrin a 2016 bayan ya yi irin wannan zargi a Majalisar Wakilai, an kuma dakatar da Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya a Maris 2024 saboda abin da ya faɗa kan kasafin shekarar a wata hira da sashen Hausa na BBC. Wakilcin mata ma ya yi ƙaranci: mata huɗu ne a cikin sanatoci 109 na majalisa ta goma, kuma a Maris 2022 majalisar ta ƙi amincewa da ƙudurorin da suka nemi ware wa mata kujeru.

Saboda tsada, wasu na kira a soke Majalisar Dattawa a bar zaure ɗaya, kamar yadda Senegal ta yi a 2012 da Muritaniya a 2017, kuma kamar yadda Ghana take. Masu adawa da hakan suna cewa waɗannan ƙasashe ba tarayya ba ne, kuma ƙananan jihohi za su rasa wurin da muryarsu ke daidai da ta manya. A Fabrairun 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai su 60 suka gabatar da ƙudurin komawa tsarin firaminista. Ko wane ne daga cikin waɗannan sauye-sauye sai ya samu biyu bisa uku na Majalisar Dattawan kanta kafin ya isa majalisun jihohi.